Hanyar Dorina a Cikin Ciyawa

Makon jiya 'yata ƙarama ta kawo mini littafin makarantarsu, ta ce in taya ta bitar darasi a kan wata dabba da ake kira beyar. Akwai fara mai zama cikin ƙanƙara, akwai baƙa mai hawan bishiya, akwai mai ruwan ƙasa da ke kamun kifi a rafi. A ƙarƙashin hotunan an rubuta ƙa'idoji: kada ka gudu, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ban taɓa ganin beyar ba. Amma ina karantawa sai na ajiye littafin, domin an koya mini irin wannan darasi tun kafin in iya karatu, a kan dabbar da ke kwana a kogin da muke wanka.

Kakanmu na wajen uba masunci ne a wani ƙauye gabas da Haɗejiya. Duk shekara, idan ruwa ya fara cika fadama, yakan tara jikokinsa ya kai mu gaɓa. Ƙasa yake nuna mana. Ga sawu mai yatsu huɗu, faɗinsa kamar akushi. Ga kashi an watsa shi bisa ganye, sai ya sa kowa ya sunsuna. Ga wata hanya cikin doguwar ciyawa, an tattake gefenta biyu, tsakiyarta da ɗan tudu.

"Wannan ba ta mutum ba ce," in ji shi. "Ta nan dorina ta fita kiwo, ta nan za ta koma. In ta same ka tsakaninta da ruwa, ba za ta kauce ba. Ka bar hanyar, ka raɓe jikin suri, ka yi shiru." Sai ya dubi ƙanwata, wadda yake yi wa wasa da sunan amarya. "Ke na san kin riƙe, amaryata. Yayan nan naki kuwa, kunnensa na ado ne."

Ina da shekara goma sha ɗaya, ita tana da bakwai, ranar da Inna ta aike mu mu kai wa Baba kunu gonar shinkafa. An kwana ana ruwa, gari ya waye a lumshe, hanyar mutane ta zama taɓo har gwiwa. Can gefe kuwa ga waccan hanyar, a tattake, gwanin sauƙin bi. Ka lura, mai karatu, ban jahilce ta ba. Na gane ta sarai. Na dai ce wa zuciyata hantsi ya yi, dorina ta daɗe da komawa ruwa.

"Yaya, hanyarta ce fa," ƙanwata ta ce.

"Ke dai matsoraciya ce. Kunu zai huce."

Na riƙe hannunta muka shiga. Ciyawa ta rufe mu. Mun yi nisa sai tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, warin nan ya buge mu, sannan wani gurnani ya biyo baya wanda na fi jin sa a ƙirji. Ciyawa ta fara rabewa daga wajen gonaki. Ruwa yana bayanmu. Na hango faffaɗan kai baƙi, da wani ƙarami yana tafe a gindinsa.

Na saki hannunta. Na jefar da kwanon na faɗa cikin ciyawa da gudu, har na afka wani rami na kwanta, ina jin ƙasa tana girgiza, ina jiran ihunta. Ihun bai zo ba, kuma shirun ya fi mini muni.

Da na rarrafo na same ta manne da wani suri, taku uku daga hanyar, ta toshe bakinta da hannu biyu. Kwanon kunun ya lotse, ya nutse cikin sawun uwar.

Da azahar Kaka ya sa muka kai shi wurin. Ya tambayi yadda aka yi, ƙanwata ta riga ni: "Yaya ne ya tura ni bayan suri." Kaka ya sunkuya yana bin ƙasa da ido, ya ga ƙananan ƙafafu sun nufi suri, ya ga manya sun yanka wata nahiya su kaɗai. Ya ɗago ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ɗauke ta a kafaɗa muka koma gida.

Har ya rasu bai tayar da maganar ba. Da ya zage ni, da na huta.

Yau ciyawar kacala ta shaƙe wannan gaɓa, babura suna ratsa inda muke tsoron takawa, yaran ƙauyen ba su san gurnanin dorina ba. Ƙanwata tana da jikoki a wajen Auyo. Duk sallah muna haɗuwa mu yi hirar kowa da komai, ban da wannan safiya. Na yi karatu mai zurfi, amma har yanzu ban samu ƙarfin halin tambayarta ko ta san na gudu ba, domin na riga na san amsar.