Hudu Gindin Kwando

Hudu ɗan Lauwali masaƙin kwando ne a Bukkuyum, kamar ubansa. Geza yake sarowa tana ɗanya, ya fere ta, ya lallashe ta har ta lanƙwasu, kafin azahar kwando ya zauna a gabansa da baki buɗe. Matan da ke kai tumatir kasuwar Gummi sun san hannunsa. Ko cikin kwanduna ɗari sai su ɗago nasa su ce, "Wanga na Hudu na."

Ranar da Lauwali zai cika bai bar wa ɗansa gona ko saniya ba. Hannunsa ya kama ya ce, "Hudu, yi min alkawari. Kwandon da ya fita hannunka, kada ya zubar da abin mutum ƙasa." Hudu ya yi alkawari, ya ƙara da rantsuwa, wadda ba a ma nema ba. Shekara talatin ko ƙwayar wake ba ta tsere ta ƙarƙashin saƙarsa ba.

Sai wani baƙo mai sayen zinare ya bar buhun tsofaffin kaset a gidan kallon Dikko, ya tafi bai dawo ba. Dikko ya ɗauka finafinai ne. Da ya saka, sai ga dogayen mutane cikin gajerun wanduna suna kai da kawowa a kan daɓe mai ƙyalli. Ashe wasannin ƙarshe ne na wata tsohuwar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, masu jan kaya da masu farin kaya, karawa bakwai, wanda ya fara cin huɗu ya ɗauki kofi.

Hudu ba mai zuwa kallo ba ne. Jin an ambaci sana'arsa ya kai shi, da hantsi, da wuƙar fira a hannu. Ya zauna ya ga wani dogo ya yi tsalle ya jefa ƙwallo, ta shiga ta sama, ta fito ta ƙasa, ta bugi daɓe. Jama'ar cikin kaset suka ɗauki sowa. Hudu ya miƙe.

"Dikko, wanga kwando ai ba shi da gindi!"

"Haka aka yin shi, Hudu. Zamna."

"Wa yas saƙa shi?"

"Ni ina nis sani?"

"Allah shi shirye shi," in ji Hudu, ya koma ya zauna a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Daga ranar ya zama ba ya fashi. Ya kalli karawar bakwai har ya haddace su, ya zama babu wanda ya kai shi sanin tarihin gasar daga Anka har Gummi. Ya san farare ne suka ci biyun farko a gidansu, jajaye suka rama, dogon jajaye ya gurɗe a karawa ta biyar ya dawo da ɗauri a gwiwa. Sai dai in yana ba da labarin a kasuwa, ba ya cewa an ci. Cewa yake, "A ta ukku, sau tamanin da ɗaya kwando ya zubar." Hawayen da masu kofi suka yi a ƙarshe kuwa, a wurinsa ba na murna ba ne. "Ƙarti goma, kowa kamar giginya, kwana bakwai suna zuba, babu abin kai wa iyali. Ko kai na, sai ka yi kuka."

Ana nan sai Malam Zayyanu, malamin motsa jiki, wanda shi ma kaset ɗin ya shiga ransa, ya ce a sake gasar a gida: Bukkuyum cikin ja, Gummi cikin fari, Asabar bakwai a kan kofi, da hantsi, don baƙi su hau baburansu su isa gida kafin la'asar. Aka share fili, aka kafa turaku biyu. Saura kwanduna. Malamin ya zo ya durƙusa gaban Hudu.

"Baba, guda biyu muka so. Marasa gindi."

Hudu ya saƙa biyu, masu gindi, gindin ma ninki biyu. Asabar ta farko ƙwallo ta shiga na Gummi ta yi kwanciyarta. Aka aika a aro tsani wurin magini, aka tarar ya tafi da shi Zugu. Aka tashi Bukkuyum biyu, Gummi babu, 'yan Gummi suka koma suna faɗar abin da ba ya maimaituwa.

Malam Zayyanu ya dawo. "Baba, ko a yanke gindi, ko in aika Anka wurin Kamaluddeen."

Kamaluddeen! Mutumin da kabewa ke iya faɗowa ta idon saƙarsa. A rataye kwandonsa a tsakiyar Bukkuyum, Hudu na da rai? Amma kuma ga hannun Lauwali, har yanzu yana jin sanyinsa a wuyan hannu. Kwana uku Hudu bai taɓa geza ba. A na huɗu matarsa Sa'a ta tarar da shi a tsakar gida da wuƙa, ya yanke gindin duka biyun, yana gwada wani ƙaton kwando a kansa.

"Malam, lahiya? Tumatir za ka kai?"

"Gindi dai sai ya kasance. Tunda na yanke shi, ni zan tsaya."

"Kwanduna biyu na fa, kai ɗaya."

"Ƙahwahuna biyu na."

"Da tsuhwanka? To Allah shi ba ƙasa haƙuri."

Asabar ta biyu aka ga abin da ba ya cikin kaset. Duk inda ƙwallo ta nufa, ga dattijo mai shekara sittin da uku, ya tattare riga, da kwando a ka, yana gudu gefen fili don ya riga ta. Ta shiga ta sama, ta fito ta ƙasa, ta faɗa kansa tim. Ya sauke, ya miƙa wa mai ita da hannu biyu, ya ce, "Ga ajiyarka." Sannan ya juya da gudu. Kafin Asabar ta huɗu ya fi kowa a filin sauri, mutane kuma sun daina kallon 'yan wasa. Wani ɗan Gummi ya yi ƙorafin tsohon yana shan gabansa, alƙalin wasa ya ce shi bai san dokar da ta hana gindi tafiya ba.

Aka zo karawa ta bakwai, uku da uku. Rana ta take, saura ƙiris a tashi, Bukkuyum na gaba da ɗaya. Sai Abdulƙadir, dogon 'yan Gummi, ya fizge ƙwallo ya zura shi kaɗai har gindin turke. Babu kowa a gabansa. Ya ɗaga hannu zai jefa, ya dubi ƙarƙashin kwando, ya ga wayam. Ya waiga. Can tsakiyar fili ga Hudu a durƙushe, gwiwa ta ƙi, yana jan jiki, hannu ɗaya riƙe da kwandon kansa.

'Yan Gummi suka yi ca. "Jefa! Kai, jefa mana!"

Abdulƙadir ya rungume ƙwallo a ƙirji. "Baba, taho a hankali, ina nan."

Hudu na tafe, taku ɗaya, hutu ɗaya. Yana saura taku biyar usur ya tashi. Bai tsaya ba. Ya iso ƙarƙashin turke, ya gyara tsayuwa, ya daidaita kwando, ya ce, "To, ɗana, zuba."

Abdulƙadir ya jefa. Ta shiga, ta fito, ta zauna a kan Hudu.

Har yau mutanen Gummi na cewa su suka ci gasar, na Bukkuyum na cewa usur ya riga ƙwallo. Kofin yana gidan Malam Zayyanu, Sa'a ta ce ta ga ana auna gero da shi. Hudu ya koma gezarsa, yana ɗingishi in sanyi ya sauko. In masu gardamar suka zo gabansa suka ce ya raba su, tunda shi ya fi kowa kusa, sai ya ci gaba da fira, bai ko ɗago kai ba.

"Wanda yac ci, ku kus sani," yake cewa. "Ni dai ban bar komi ya taɓa ƙasa ba."