Tafiyata Badun, Inda Aka Shiga Kaina Ta Hanci

Litinin: Kurfi zuwa Zariya

Mun bar Kurfi ƙarfe biyar da kwata na asuba, ni da taubashina Ilu, a bayan wata a-kori-kura mai kai wake Dutsin-Ma. Saura shekara guda ke nan a yanka mana jiharmu. Ni wanzami ne, gado na yi. Abin da ya fitar da ni gida idona ne. Ganina ya yi ta tsukewa ta gefe da gefe, har na koma kamar mai leƙe ta cikin ƙaho. A ajinmu na yaƙi da jahilci tsakiyar allo kaɗai nake gani, farkon layi da ƙarshensa sun ɓace. Ranar da na yanki kunnen wani dattijo ina yi masa aski, ranar na rataye zabirata. Likitocin Zariya suka ɗauki hoton kaina, suka ce ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa yana danne jijiyar gani, in ba a cire shi ba makanta ce. Suka ba ni takarda zuwa wurin wani likitan ƙwaƙwalwa a Badun.

Daga Dutsin-Ma muka shiga motar Funtuwa ƙarfe bakwai. A shingen 'yan sanda na Ƙanƙara aka tambayi inda muka nufa. Ilu ya nuna ni ya ce, "Kai za mu kai gyara, ranka ya daɗe. Tun yana yaro ya lalace." Mota duk aka yi dariya. Mun isa Zariya bayan la'asar, muka sauka gidan wani mutumin Karofi.

Talata da Laraba: cikin jirgi

Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kwana muka yi a zaune. Ilu ya saba hanyar saboda fataucin wake, kowace tasha sai ya sayo wani abu, kifi a Jebba, lemo a Offa. Ban iya cin komai ba sai fura. Na sha ganin mahauta suna fasa kan sa da gatari, hoton nan shi ya raka ni har Badun. Mun sauka Laraba da yamma, muka kama ɗaki a unguwar Sabo.

Badun

Likitan Bayarabe ne, gajere, mai furfura a gefen kai. A Jos ya tashi, Hausarsa ta fi ta Ilu tsabta. Ya karanta takardata, ya sa na bi yatsansa da ido, sannan ya tambayi sana'ata. Da na faɗa masa sai ya ajiye biro ya ce, "Ashe abokin aiki ne. To Malam Audu, tambaye ni abin da za ka tambayi wanzamin da ba ka sani ba."

Na ce, "Wa ya koya maka?"

Ya ce ya yi shekaru a ƙasar Turawa ƙarƙashin wani tsohon likita. Da farko buɗe ƙoƙon kai ya koya, ya daɗe yana yi. Daga baya ya koma ya koyi wata hanya, a bi ta hanci da siraran ƙarafa, ana kallo ta madubi mai ƙara girman abu, a isa ƙarin ta ƙasa ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba.

Sai ya tambaye ni, "Kai ta ina kake cire beli?"

"Ta baki."

"Ba ka tsaga wuya?"

"Wa zai tsaga wuya ga ƙofa a buɗe?"

"To ni ma haka."

Na ce ya miƙo hannunsa. Ya miƙo, na duba, ko gezau. Na ce, "An taɓa mutuwa a hannunka?" Ya ce an taɓa. Da ya ce ba a taɓa ba, da na tashi na koma Kurfi.

Ranar Litinin ta gaba aka yi aikin. Na farka hancina cushe da auduga, ina numfashi ta baki, na ɗaga hannu na shafa kaina na ji shi a haɗe. Kwana uku bayan nan ina kwance ina kallon rufi, sai na ga Ilu yana cin gyaɗa a gefen damana, ban juya ba.

Kwana goma sha biyu na yi. Ranar sallama likita ya ce ya toshe ƙofar da ya bi da ɗan kitsen da ya ciro a cikina, kuma sai ta yi kwana arba'in kafin ta kama. Kada in fyace hanci, kada in sunkuya, salla a zaune ba sujada, in na zo alwala kada in shaƙa ruwa. In na ga ruwa garau yana ɗiga ta hanci bai tsaya ba, ruwan ƙwaƙwalwa ne, in dawo a ranar, don cuta na iya bi ta nan ta shiga kai. Na fito da littafina na aji na rubuta su da manyan baƙaƙe, yana jira har na gama.

Komawa: Ilori da Jebba

Mun taso Asabar da safe. A Ilori jirgi ya tsaya lokacin azahar, mutane suka yi ca a kan famfo, mai tuta yana ta busa usur. Na tsuguna ban sunkuya ba, na fara alwala da butata cikin sauri. Hannu, baki, sai kawai na ji na shaƙa ruwa ta hanci ya haura can sama, wani sanyi ya soke ni tsakanin idanu. Shekara arba'in hannuna yana yin abin nan, bai tsaya ya tambaye ni ba.

Na koma kujera. Na shimfiɗa farin hankici a cinya. Ɗigo ya sauko, garau. Can wani ya biyo.

Ilu ya ce, "Ruwan famfo ne, ɗan kawu. Kai da ba ka da ƙwaƙwalwar, me zai zubo?" Amma muryarsa ba ta wasa ba ce.

Na ce, "In na famfo ne zai ƙare. In ba shi ba ne, kowane mil nisa yake ƙara mana da likita."

"To me kake so?"

"Mu sauka Jebba."

"Tikitinmu har Zariya ne."

"Kai ka wuce."

Ya harare ni, ya miƙe ya sauko da kayanmu daga sama.

Ƙarfe biyar muka sauka, jirgi ya tafi ya bar mu. Wani mai shayi ɗan Sakkwato ya ba mu benci, ya ce jirgin kudu sai gobe da hantsi. Na zauna a miƙe kamar an dasa ni, hankici a ƙarƙashin haɓa. Kafin magariba ɗigo ɗaya ya ƙara saukowa, na ji kamar kaina yana sarawa, ban san ko ciwo ne ko tsoro ba. Ilu bai sake zolayata ba, ko kifi bai saya ba.

Da gari ya waye na sa sabon ƙyalle, na zauna ina jira. Awa ɗaya, awa biyu, a bushe. Jirgin kudu ya shigo ƙarfe goma. Ilu ya tsaya da jaka a hannu yana kallona. Na duba ƙyallen a rana, na sa Ilu ya duba, na sa mai shayi ya duba. Muna nan tsaye har jirgin ya tashi. Da yamma muka shiga na arewa.

Gida

Mun iso Kurfi Talata bayan la'asar. Mutane suka taru, aka cire min hula ana neman ɗinki ba a samu ba, har wani ya ce yawon Badun kawai muka je. Sauran kwanakin na yi su cikin ɗar-ɗar. Maiɗakina ta daina daka barkono a gida don kada in yi atishawa, kuma duk alwala sai ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, hanci."

Ina godiya ga Allah, ina godiya ga likitan nan da ban san ko zai ga wannan rubutu ba, da mai shayin Jebba, da Ilu duk da bakinsa, da malaminmu na aji da ya duba min baƙaƙen.

Ranar da arba'in ta cika na je masallacin unguwa sallar la'asar, na tsaya a sahu da ƙafafuna. Da liman ya yi kabbarar sujada kowa ya sauka, ni na tsaya a kan gwiwa, sai da ya kusa ɗagowa na kai goshina ƙasa. Da na ɗago, Allah ya gafarta min, ba tasbihi ne a raina ba. Tabarma na duba. A bushe take.