Kundin da Jalaluddeen Ya Binne

Duk wanda ke cin kasuwar Gwiwa ya san Jalaluddeen, mai tabarau ɗin nan da ke wuni a rumfar mai shayi yana gyara wa mutane magana. Ɗan makiyayi ne, amma ko akuya bai taɓa kiwo ba. Abin da ya gada shi ne kundin ajami na mahaifinsu, Baffa, inda tsohon ya tara magungunan shanu na shekara arba'in: wace saiwa, wane sassaƙe, a jiƙa kwana nawa.

Duk bayan damina tsohon yakan shanya kundin a tabarma ya sha iska, mai buƙata ya zo ya duba. Jalaluddeen ya ce wannan ƙauyanci ne.

Abel, wani malamin makaranta Kirista a Kazaure, shi ya ƙarasa fasa masa kai ba da niyya ba. Suna hira ya ambaci afokirifa, ya ce kalmar Latin ce da ta fito daga Girkanci, ma'anarta ɓoyayyun rubuce-rubuce, kuma daga tushenta Turawa suka samo sunan ɗakin ƙarƙashin ƙasa na coci. Shi ke nan! Mutuminka ya dawo gida, ya cusa kundin a tukunya, ya binne a tsakar ɗakinsa. Shekara tara yana ɗaga hanci yana cewa, "Ni afokirifa gare ni." Wallahi haushi yake ba ni.

Bara ciwon hanta ya shiga shanun yayarsa Adda, wadda mijinta ya rasu. Biyu suka mutu, saura saniya ɗaya, wadda nononta ke ciyar da gidan. Ta hau acaɓa daga Roni ta zo.

"Jalalu, don girman Allah, duba mini abin da Baffa ke jiƙawa."

"Adda, ba a buɗe irin wannan haka kawai."

Adda ta ɗauki fartanya ta haƙa tsakar ɗakin da kanta, ina tsaye a bakin ƙofa. Da aka ɗaga murfin, babu ko shafi guda: gara ta cinye, sai ƙasa jajir.

Adda ta damƙi ƙasar ta zuba masa a tafin hannu.

"Ungo. Yanzu kam ya ɓoyu."

Bayan kwana biyu aka yanka saniyar kafin ta mutu mushe. Ranar kasuwa na gan shi a rumfar mai shayi, yana koya wa wani baƙo yadda ake furta kalmar afokirifa.