An Kulle Mu Da Kwaɗo Ranar Juma'a

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina son rubuto wannan, zuciyata ce ba ta ba ni dama ba sai yanzu.

A lokacin ni bazawara ce mai 'ya'ya biyu, ina zaune gidan yayata a unguwar Walia, a garin da Hausawa ba mu da yawa. Ita ta samo mini aiki inda take yi, wani gidan kilishi a unguwar Milezi. Maza ke yanka nama suna shanyawa a tsakar gida, mu mata huɗu muna ɗakin baya muna soya gyaɗa a kan gas, muna haɗa labu, ƙullin da ake tsoma naman. Yayata ta fi mu hannu a aikin, sai dai ƙafarta ta hagu ba ta da ƙarfi tun muna yara, da ɗingishi take tafiya.

Mai wurin Bahaushe ne ɗan uwanmu, Alhaji muke ce masa. Duk Juma'a idan maza za su tafi masallaci, sai ya ja ƙofar gidan ta ƙarfe ya danna kwaɗo ta waje, muna ciki, wai an taɓa ɗauke masa nama. Ƙofar baya kuwa tuni ya sa an toshe ta da bulo. Yayata ta taɓa ce masa cikin raha ko awaki ana bar musu hanyar fita. Ya yi dariya ya ce ai awaki ba sa cin kilishi.

Ranar da abin ya faru, robar gas ɗin da muke ta ɗaurewa da tsumma ce ta tsage. Wuta ta kama man gyaɗa. Babu abin kashe gobara a gidan, babu kuma wanda ya taɓa gaya mana ba a zuba ruwa a man da ya kama wuta. Ɗayarmu ta watsa bokiti, wutar ta tashi har rufi. Muka yi ƙofa muna bugu muna ihu, unguwa shiru sai huɗuba a lasifika. Biyu suka taka gadon shanya nama suka haura katanga. Yayata ta tura ni na hau, na miƙo hannu, na kasa ɗaga ta. Ta ce in daina ɓata lokaci in je in kira mutane. Ina dira waje tukunyar gas ɗin ta fashe. Wani ɗan kalando, mai babur ɗin haya, shi ya fasa kwaɗon da ƙarfe. Kafin 'yan kwana-kwana su iso mun fito da ita. Washegari ta cika a asibiti.

Alhaji ya zo gaisuwa da buhun shinkafa da sukari. Ya zauna a tabarmarmu ya ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta sayi kwaɗon nan ba. Dattawa suka ce in yi haƙuri, mu baƙi ne 'yan kaɗan a garin nan, bai kamata mu kai ɗan uwa gaban hukuma ba. Mijin yayata ya sunkuyar da kai ya amince. Sai daga baya wata maƙwabciya mai aikin ofis ta gaya mini cewa doka ta ɗora wa mai wurin aiki kiyaye ran ma'aikatansa: hanyar fita a buɗe, abin kashe wuta, da koya wa mutane abin da za su yi idan hatsari ya auku. Ashe haƙƙinmu ne, mu muna ganin kamar alfarma za mu roƙa.

'Yan uwana mata, kafin ku karɓi aiki ku duba ta ina za ku fita, kuma kada ku yarda a kulle ku ko da mai wurin ubanku ne. Ku masu wuraren aiki, ku ji tsoron Allah, kayanku ba su kai rai ba. Yanzu ni ke riƙon 'ya'yan yayata uku. Ƙaramar takan tambaye ni me ya hana mamarta fitowa. An ce in yafe. Ban ɗaga murya a kan kowa ba, amma ban yafe ba.