Watandar Malam Isyaku da Shekarar Banki

Har yau ban manta da ranar da Malam Isyaku ya zauna a gaban teburina, cikin goman ƙarshe na azumi, ya ce ya zo kwasar kuɗin watanda ba. Lokacin ina jami'ar kula da kwastomomi a reshen bankinmu na Kubwa, ban daɗe da dawowa daga reshen Gwarinpa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, domin irin wannan ba ya cikin horon da ake ba ku a hedkwata.

Malam Isyaku direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, dattijo mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Shi ne ma'ajin watandar ofishinsu. Ga wanda bai sani ba, watanda ita ce a haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka a jajiberin ƙaramar Sallah, a kasa naman kowa ya ɗauki kasonsa. A ofishin nasu har Kiristoci suna ciki, kowa yana zuba nasa in albashi ya shigo.

A da kuɗin a asusun karant suke zama. Kun dai san halin karant: cajin kula da asusu, kuɗin kati, kuɗin alat, yau a gutsura gobe a gutsura. Duk shekara sai kuɗin watanda su zo da giɓi. Giɓin ba shi da yawa, amma ya isa a yi ƙus-ƙus a bayan mutum. Wani babban akawun ofishin, Alhaji Tanimu, ya taɓa cewa a gaban jama'a, wai da wasa, ɓeran da ke cin kuɗin watanda ya iya tuƙin mota. Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta zauna wa dattijon a rai.

Shi ya sa bayan Sallar bara ya bi bankuna ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Asusun ajiya na yau da kullum bai yi masa ba, don abin da ake bayarwa kaɗan ne, in kuma ka cika cire kuɗi a cikin wata ka rasa shi. Na kuɗin ruwa kuwa wasu abokan aikinsa sun ce ba za su ci naman ba. Daga ƙarshe ya tsaya a kan asusunmu na ajiyar wa'adi, wanda ake juya kuɗin a kasuwanci a raba riba: babu cajin wata-wata, ribar kuma ta fi ta sauran. Sharaɗinsa ɗaya ne. Ka zuba duk lokacin da ka so, amma ba ka cirewa sai ranar da aka ajiye. In ka fasa kafin nan, uwar kuɗinka taka ce, riba kuwa ta tafi gaba ɗaya. Ya koma ofis ya yi musu alkawari cewa bana riba ce za ta biya mahauta da motar ɗauko sa, ba wanda zai ƙara ko kwabo.

Na buɗe asusun a kwamfuta, na duba ranar wa'adi. Sai wajen mako biyu bayan Sallah zai cika.

"Baba," na ce, "wa'adin bai yi ba tukuna."

"Wane wa'adi kuma, 'yata? Shekara na ce musu. Daga Sallah zuwa Sallah."

Nan na gane abin da ya faru. Wadda ta buɗe masa asusun, wata yarinya mai ƙwazo da aka mayar Legas, ta tambaye shi tsawon wane lokaci, ya ce shekara, ta danna wata goma sha biyu. Ita shekarar kalanda ta sani. Shi kuwa shekararsa da watan sama take tafiya, Sallah tana matsowa da kwana goma da 'yan kai duk zagayowa. Cikinsu ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya tambayi ɗan'uwansa shekarar wa ake nufi.

Na shimfiɗa masa hanya biyu: ko ya fasa yau ya rasa riba, ko ya jira a yi Sallah babu nama. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ba asarar nake ji ba," ya ce. "Me zan faɗa wa Alhaji Tanimu?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Na ce ya ba ni lokaci, na shiga wurin manajanmu, Oga Bitrus, mutumin kirki amma mai tsoron takardar tuhuma kamar me.

"Hadiza, ni ba shi da iko a kan wannan," ya ce da irin Hausarsa. "Sistem ne ya kulle shi. In na taɓa, gobe masu bincike zai zo kaina. Sai dai mu rubuta wa hedkwata."

Ga yadda tsarin yake: jami'i ya rubuta roƙon a yafe wa kwastoma, manaja ya sa hannu, a tura ofishin shiyya, su kuma su miƙa hedkwata. In babban ya amince, sai a saki kuɗin da ribar watannin da suka cika. Na rubuta a take, na yi bayanin watan sama da na kalanda dalla-dalla, don na san wanda zai karanta ƙila bai taɓa jin kalmar watanda ba.

Daga nan jira ya fara. Kullum da hantsi Malam Isyaku sai ya kira ni, ya gaishe ni, ya tambayi azumi da mutanen gida, sannan ya ce, "To, 'yata, ko an ji wani abu?" Dillalin da ya riƙe masa sa a kara, kasuwar shanu ta Dei-Dei, ya fara matsa masa, don kullum farashi hawa yake. A ofis kuma an fara tambayarsa yaushe za a je ganin san. Ni kaina na daina jin daɗin buɗe baki. In na ɗauki dabino sai fuskar dattijon ta faɗo mini. Na kira ofishin shiyya har matar da ke ɗaukar wayar ta gane muryata. Sai da na matsa ta sannan ta faɗa mini gaskiya: mai sa hannun ya tafi Umara, mataimakinsa kuma ya ce ba ya taɓa abin da ba a bar masa a rubuce ba. 

Ana haka gwamnati ta sanar da hutun Sallah. Ranar aiki ta ƙarshe, tun kafin mu buɗe ƙofa Malam Isyaku yana tsaye a waje. Ya shigo ya zauna a bencin jira da carbinsa. Bai zo teburina ba. Ina sallamar wasu kwastomomin, idona yana kan akwatin saƙo. Oga Bitrus da kansa ya kira shiyya, ya fito ya girgiza mini kai. Kowa a layi maganar wata yake yi, ko za a gan shi yau ko za a cika talatin.

Da aka kusa rufewa ya taso.

"Kawo in sa hannu, 'yata. Mutane ba za su yi Sallah da tukunya a kife saboda ni ba."

Na miƙa masa takardar fasa wa'adi da biro. Muka tura masa uwar kuɗin, ya yi godiya kamar wani alheri muka yi masa, ya fita da sauri ya nufi Dei-Dei.

Safiyar da muka dawo hutu, saƙon farko da na tarar shi ne amincewar hedkwata: a mayar masa da ribarsa. Na rasa murna zan yi ko takaici. Na kira shi, ya ce kada in tura komai tukuna, gobe yana tafe.

Ya zo da mutum biyu, Alhaji Tanimu da wata Madam Kamfot, sakatariyar ofishinsu. Ita ce ta ja ni gefe ta ce, "'Yar'uwa, kin san Baba bai kai nama gida ba? Kason nashi ya ba mahauta a madadin kuɗinsu, motar kuma daga aljihunsa. Oga Tanimu ya gani, ya ce a gaban kowa, to ina ribar da aka yi mana alkawari?"

Malam Isyaku ya zauna a kujerar da ya zauna ranar farko.

"'Yata, faɗa musu da bakinki. Ni in na faɗa, direba ne ya faɗa."

Na juya musu fuskar kwamfutar, na yi bayani tun daga cajin karant da ya riƙa cin kuɗinsu shekara da shekaru har zuwa ranar da dattijon ya sa hannu. Alhaji Tanimu ya yi ta gyara hula. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam Isyaku, ka yafe mini. Bakina ya yi yawa." Dattijon ya ce ba komai, amma na ga ya goge ido da bakin rigarsa. A ranar muka buɗe sabon asusu, muka ajiye wa'adin a farkon azumi mai zuwa.

Abin da na koya ke nan. Mu ma'aikatan banki bakinmu ya saba da yawan riba da rashin caji, kuma gaskiya ne suna da muhimmanci. Amma kuɗin da mutum ya kawo ajiya akwai ranar da yake jira da su, wani lokaci kuma mutuncinsa ne ɗaure a jikin ranar. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini shekara, ba na danna komai sai na ajiye biro na tambaye shi me zai yi da kuɗin, kuma yaushe. Tambayar ba ta cin minti ɗaya. Rashin yin ta ne ya sa iyalin Malam Isyaku suka yi Sallah suna jin ƙamshin suyar maƙwabta.