Ƙishin-ƙishin a Gaban Sufeto

Cikin shekarun da na yi ina koyar da Hausa, ranar da ba na mantawa da ita ita ce ranar da sufeto ya shigo ajina a wata sakandaren 'yan mata kusa da Zakirai. Lokacin ina mataki na takwas, ina jiran na tara. Ga wanda bai san aikinmu ba, sufeto jami'i ne da ake turowa daga ofishin shiyya, ya zauna a bayan aji ya kalli darasi, ya rubuta rahoto. Da wannan rahoton ake duba cancantar malami in ƙarin girma ya zo.

Wanda aka turo mana Malam Sabo ne, dattijo mai tsantseni a kan Daidaitacciyar Hausa. Darasin ranar rubutun zube ne, na kuwa riga na sa ɗalibai kowacce ta rubuto gajeren labari. Na ta da Rabi, 'yar wani manomin gyaɗa, ta karanta nata. Labarin wata tsohuwa ne, Inna Talatu, wadda ɗanta ya shekara bakwai a Kurmi. Rabi ta karanto cewa, "Ran Laraba ƙishin-ƙishin ɗin dawowarsa ya shigo gidan. Inna ba ta ce wa kowa uffan ba, sai ta tashi ta jiƙa gero."

Malam Sabo ya ɗaga biro. "Dakata, 'yata. Ƙishin-ƙishin ai maganar bakin rijiya ce, ba ta littafi ba. Ki sa kalmar labari a madadinta."

In na yi musu, na ja da na gaba. In na yi shiru, na yarda ban gyara aikin ɗalibata ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ta dama ta faɗi dalilinta?"

Ya ce, "Bismillah."

Rabi ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, da labari Inna ta ji, ai guɗa za ta rangaɗa, unguwa ta taru. Da jita-jita ce, tsaki za ta yi ta ci gaba da kaɗinta. Wannan kuwa ta ji ne, ba ta gama yarda ba, kuma ba ta iya ƙin yarda ba. Shi ya sa ta jiƙa geron a ɓoye. In ya zo ga fura, in bai zo ba babu wanda zai yi mata dariya."

Sai Malam Sabo ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Wallahi haka mahaifiyata take yi! Yarinya, kin kayar da ni."

Ya baro bencinsa ya karɓi allina, ya ce kowacce ta kawo irin wannan kalma daga bakin iyayenta. Nan fa aji ya kaure. Wannan ta ce raɗe-raɗi, waccan ta ce shaci-faɗi, wata daga baya ta ce ƙanzon kurege, aka yi ta gardamar inda kowacce ta dace a cikin labari. Aka kaɗa ƙararrawar tara, babu wadda ta motsa.

Rahoton ya yi kyau, matakin ma ya zo. Amma abin da nake gaya wa sababbin malamai shi ne, wanda ya faɗi kalma a rijiya da wanda ya rubuta ta a littafi Hausa ɗaya suke sha. Kafin ka ja wa yaro jan layi, tambaye shi dalili. Sau da yawa ya fi ka kusa da masu maganar.