Ɗakin Bayan Shagon Kunnuwa

Wai ɗan goggonmu mai gyaran rediyo ya auri aljana ya ɓoye ta a bayan shago tana yi masa wanki, har wani ya rantse ya ji tarinta. Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da ko kyanwa ta ƙi zama da shi, wace aljana ce za ta ɗauki wannan wahala?

Kunnuwa muke kiransa, don in iska ta taso sai an riƙe shi kada ya tashi sama. Yana ɗan mitsitsi Goggo ta ajiye shi a gidanmu, ta tafi aikin wanki a wani asibiti mai nisa, ta ce sai an ba ta hutu. Can ta rasu. Yara suna ƙwallo, shi yana jingine da bango yana sauraren gidan maƙwabta. In aka ja silifa sai ya miƙe da gudu, ya tarar uwar wani ce.

Da ya girma hannunsa ya faɗa kan waya da sifika, sai ya share ɗakin da yake tara matattun rediyoyi. Ya shigo da kujera da bokiti da tukunya, ya binne wa kowanne waya. Ka taɓa bokiti, ka ji ana matse wanki. Ka ɗaga murfin tukunya, ludayi ya fara yawo a ciki. Ka zauna a kujera, silifa ta taho daga bayan wata ƙofa, makullai suna kaɗawa, ta tsaya daf da kai. Ka buɗe ƙofar, komai ya ɗauke. Bango ne kawai.

A nan ya so ya sa muryar Goggo tana kiransa, amma muryar ta ɓace masa. Ya ɗauki ta Innarmu, ya ɗauki ta mai sharar titi, ina jin matan rabin gari sun kira shi a bakin makirfo. Duk ya goge. Masu kawo gyara sukan leƙa su yi dariya, ban da wani direba da ya fito ya tafi ya bar rediyonsa. Da rana Kunnuwa yakan ja ƙofar shago, ya ci abincinsa a kan kujerar shi kaɗai, silifa tana ta zuwa.

Rannan na buɗe ƙofar da silifa take tahowa ta bayanta, shiru ya faɗo. Na ce, “Mai gyara, wayarka ta tsinke. Ko in maƙale murya in yi maka Goggo? Kunnuwa, zo ka ci abinci!”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Babu abin da ya tsinke. Kai da taka uwar take kiranka tun safe kana ɓuya a shagona, rufe min ƙofa ka je ka amsa.”